Shawarwari Ga Mai Son Digiri Na Biyu Kan Gashin Daji

Da aka zauna da wasu ma'aikatan lafiya a Sakkwato kan wannan karatu na gashin daji, wato maganin ciwon daji da haske mai ƙarfi daga inji (radiotherapy), kusan bakinsu ya zo ɗaya: kada ka yi gaggawa. Wanda ya gama karatun hoton asibiti, ya fara yin rajista da hukumar RRBN mai kula da ma'aikatan hoton asibiti a Najeriya, ya gama horon shekara guda da bautar ƙasa, sannan ya nemi aiki a sashen gashi, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

A kan batun fara aiki a sashen gashi aka fi daɗewa ana tattaunawa, kuma ni ma na gamsu. A ɗakin gashi ne za ka koyi kwantar da majiyyaci daidai kan alamar da aka yi a fatarsa, kullum, tsawon makonni, da lallashin dattijuwar da ta taso daga Illela tana tsoron injin. Aji ba ya koyar da wannan.

Kafin biyan kuɗin makaranta, a tambaya: suna da injin gashi mai aiki? Ɗalibai na taɓa shi?

Batun kuɗi kuwa, malaman jami'a su nemi tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati. Mai niyyar aiki a Ingila ya san sai da rajistar HCPC, hukumar da ke yi wa irin waɗannan ma'aikatan lafiya rajista a can.