Kotu ta raba ni da yarana, akwai yadda zan yi?

Maman Hafsa: Salamu alaikum jama'a dan Allah a ba ni shawara. A Garwa ta Kamaru nake, shekara 2 da mutuwar aurena yarana biyu suna hannuna, sai mahaifiyata ta kwanta ciwo a Kusiri na tafi jinya wata 4 na bar su wajen ƙanwata, ashe babansu ya je kotu yace wai na watsar da su. Dawowata ke nan usiye, mai kai takardun kotu, ya kawo min takarda da Faransanci har gida, maƙwabcinmu ya karanta yace an cire min iko a kansu. Wlh ko sammaci ban gani ba. Kawu yace in yi haƙuri a kai maganar gaban lawan a yi sulhu, ni kuma ko abinci ba na iya ci, kayan lakwal (makaranta) ɗin ƙaramar suna nan rataye a ƙusa.

Baban Yusufa: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa kafin komai ki sa a sake karanta miki takardar da kyau, wanda ya san aikin ba maƙwabci ba, don abu biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai garde, wato wajen wa yara za su zauna, wannan kina nan a matsayinki na uwa kuma yawanci a kan ba ki damar ganinsu. Akwai kuma déchéance, cire ikon iyaye gaba ɗaya, shi wannan babba ne sai an tabbatar da cutarwa ko sakaci mai tsanani. Sannan a duba ko an rubuta par défaut, ma'ana an yanke ba kya nan, in haka ne opozisiyon za ki yi a kotun da ta yanke a sake sauraro da ke a zaune, in ba haka ba apel ne, wato ɗaukaka ƙara, a Cour d'Appel nan Garwa. Abin da nake ji miki tsoro lokaci ne, kwanakin ƙidayayyu ne kuma tun ranar da usiyen nan ya miƙa miki takarda aka fara lissafi. A yi sulhun lawan ɗin ba laifi amma kotu ba za ta jira shi ba. Ki tara shaidar jinya, takardun asibitin Kusiri, tikitin mota, rasit ɗin kuɗin da kika riƙa turo wa ƙanwarki ta waya. In ba kuɗin aboka, wato lauya, akwai dokar 2009 ta assistance judiciaire, wato tallafin shari'a ga marasa ƙarfi, za a nemi takardar shaidar rashin ƙarfi daga meri, wato ofishin magajin gari.

Malam Abbo: A mazhabar Malikiyya dai uwa ce ta fi cancanta da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, in uwar ta yi wani aure sai ya koma ga kakarsu ta wajen uwa. Jinyar mahaifiya kuma ai ba watsar da 'ya'ya ba ce. Allah ya kawo mafita.

Hajja Dudu: Ƙanwata abu ɗaya zan ce, komai zafin zuciya kar ki je lakwal ki ɗauke su, laifi ne a doka in dai kotu ta ba wani riƙo, kuma shi za su riƙe a kanki. Ki je centre social, ofishin jin daɗin jama'a, ki ba su labarinki tun yanzu, su ne ake turowa su duba gida su rubuta wa alƙali rahoto, ki share ɗakin yaran su tarar da shimfiɗarsu.

Maman Hafsa: Na gode Allah ya saka. Na kai wa wani aboka yau da safe, yace garde ne kuma par défaut aka rubuta, gobe ƙarfe 8 za mu je mu shigar da opozisiyon. Baban Yusufa rasit ɗin wayar in fitar da su a takarda ne ko a waya ma ya isa?