Tabar na'ura a Damagaram: su wa ke shan ta a wajen aikinku?

Akawun Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Ni akawu ne a wani buro nan cikin gari, shekara goma sha biyu ina shan sigari. Kowa a wajen aikinmu ya san lokacina, ƙarfe goma na yi sai bayan katanga, gindin dogon yaro. To, watan jiya shugaban sashenmu ya dawo daga Dubai da wani abu kamar alƙalami mai kauri, wai IQOS. Ana cusa masa ɗan guntun karan taba, a danna, ya ɗau zafi, a zuƙa kamar minti shida, ya mutu da kansa. Ba wuta, ba toka, sai wani ƙauri kamar masara ta fara kamawa a kasko. Yanzu mutum uku ke da shi a buronmu, dukansu manya masu fita waje. Direbobi da mai gadi kuwa ko kallo bai ishe su ba. Ina tunanin in sa a kawo mini, amma ina so in fara ji: a wajen aikinku su wa ke shan wace irin taba, kuma wa ya taɓa gwada wannan?

Kabu-kabun Dole:
Wa alaikumus salam. Yaya akawu, wannan ai zancen masu sanyin kilim ne. Ni tun asuba ina bakin kasuwar Dole. Kara ɗaya nake saye wajen mai tebur, in sha rabi, fasinja ya ɗaga hannu in murƙushe wutar in maƙale sauran bayan kunne. Abin naku yana yarda a sha rabi a ajiye rabi? Ana sayar da karansa ɗai-ɗai? Wayata ma sai na biya ake sa mini caji, balle in ƙara wa kaina wani mai cin wuta.

Mai aikin ONG:
Ba ya yarda, ƙanena. In ka kunna sai ka ƙarasa, karan da ya riga ya gasu ba shi da daɗin komawa.

Akawu, ni na yi shekara ɗaya da wani abu ina amfani da shi, bari in gaya maka abin da ban zata ba. Na saye shi ne don in rage, sai ga shi na ƙara. Da can kafin in sha sigari sai na tashi, na sauka ƙasa, na fita ƙofa cikin ranar watan Afirilu, na dawo na wanke baki saboda baƙi. Wahalar nan ita ke tsare ni a kara biyar ko shida a wuni. Da na'urar ta zo, sai in tura ƙofar buro in sha ina kallon kwamfuta, ba wanda ya ce uffan. Cikin wata biyu na ga ina kusan cinye kwali guda a rana. Kuma karan nasa sai an yo mini saƙo. Duk ranar da ya ƙare kafin mai zuwa ya iso, sai in aiki yaro wajen mai tebur. Ka ga taba ɗaya ta zama biyu ke nan. Abin da kawai zan yaba, uwargida ta daina cewa rigunana na wari.

Direban hanyar Agadas:
Mu caji ba shi ne damuwarmu ba, ga wurin sawa a mota. Wani Alhaji da nake ɗaukar wa kaya ya ba ni tsohuwar tasa kyauta da kwali biyu. Kafin in wuce Tanut ƙura ta shige ta, wai sai an riƙa share cikinta da ɗan burushi. Garin sharewa na karya ɗan ƙarfen da ke gasa tabar, shi ke nan labarinta. Ko da ba ta karye ba, in kwalin ya ƙare a Aderbisanat wa zai sayar mini? Galibin direbobin da na sani sigari ne da shayi mai kauri, wasu goro. Tsofaffinmu kuma taba gari da kanwa, a dunƙule a leɓe, hannu biyu na kan sitiyari, sai tofi ta taga.

Ɗan matata:
Na yi shekaru huɗu a matatar man da ke kan hanyar Tanut, wadda aka buɗe a 2011. A irin wannan aiki ba a wasa da wuta. Ashana da laita ba su wuce ƙofa, akwai wurin da aka keɓe can nesa don masu sha. Wani abokin aikina ya taɓa cewa ai na'urar nan ba ta da wuta, da ita zai riƙa shiga. Muka yi masa dariya, don abu ne mai batir mai ɗaukar zafi, kuma inda iskar gas take ko wayar hannu ba a yarda da ita. Saboda haka masu tsayuwar awa takwas a ciki da yawa taba gari suke ɓoyewa a baki. Sinawan da muka yi aiki tare kuwa sigarin ƙasarsu ne, kuma miƙa maka kara a wajensu kamar miƙa goro ne a wajenmu. Ban taɓa ganin ɗayansu da na'ura ba.

Injiniyan noma:
Ni na gan ta a inda ta fi kasuwa. Na je horo Japan a 2019. Can aka fara sayar da IQOS, a birnin Nagoya a 2014, kamfanin Philip Morris ne ya yi ta. Daga baya British American Tobacco ya fito da tasa mai suna glo a 2016, Japan Tobacco kuma yana da Ploom. Abin da ya buɗe mata hanya can shi ne dokarsu ba ta bari a sayar da ruwan sigarin lantarki mai nikotin a shaguna ba, to wadda ake ɗumama ganyen taba ta samu fili ita kaɗai. Har dokar da ta fara aiki a Afirilun 2020 ta ba ta wani sassauci, ana iya ci da sha a ɗakin da aka keɓe mata, sigari kuwa ba a ba shi wannan ba.

Abin da idona ya gani: a ɗakunan shan taba na tashar jirgin ƙasa, masu kwat da jaka su ne suka fi riƙe da ita. Manoman da muka ziyarta a ƙauye kuwa, a bakin gona, sigarin da muka sani suke kunnawa. Na tambayi wani mai mana tafinta me ya sa ya koma na'ura, ya ce a buro ɗaya suke da mutum ashirin, ba ya son a ji wari a jikinsa. Bai ambaci lafiya ba ko sau ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya:
Tunda an zo maganar lafiya, bari in sa baki. Ina aikin dare a wani asibiti, kuma kar ku ɗauka ma'aikatan lafiya ba su sha. Dare ya raba za ka ga ɗan jan wuta bayan ɗakin gwaji. Likita ɗaya na sani mai na'urar, shi ma don kar majinyata su ji ne.

Bambancin da gaske ne: sigari na ƙonewa da zafin da ya haura digiri 600, na'urar kuma ba ta wuce kamar 350, shi ya sa wasu gubobin hayaƙi suka ragu. Amma ganyen taba ne, nikotin ɗin na nan, jarabar na nan. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka a 2020 ta yarda kamfanin ya ce mai shanta na shaƙar ƙarancin wasu sinadarai, amma ba ta yarda ya ce tana rage haɗarin cuta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ba ta lissafa ta cikin hanyoyin barin taba. Malam mai ONG, wanda ke haɗa biyun kamar yadda ka faɗa bai tsira da komai ba. A gwada hawan jininka, don Allah.

Mushen lakwal:
Hajiya ta yi gaskiya. In ƙara da cewa muna da doka tun 15 ga Mayun 2006, mai lamba 2006-12, da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a da wuraren aiki. Shan na'ura cikin buro a kulle, ga sakatare na zaune, ni ban ga bambancinsa ba. Mu malamai albashinmu bai kai wajen na'urar ba. Ɗalibai kuma shisha ce ta ɗauke su a fada, da ƴan ƙananan sigarin lantarki masu ƙamshin mangwaro. Su ƙananan nan ruwa ne ake turarawa, kada a haɗa su da wadda akawu ke magana.

Tela a Zango:
Ni dai abu ɗaya ya ba ni sha'awa, rashin toka. Na taɓa ƙona shaddar wani Alhaji ana jibi Sallah, sai da na biya yadi biyar. Tun ranar ba a kunna sigari a shagona, yarana goro suke ci.

Akawun Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, zan zo gwajin, ni ma na daɗe ban yi ba. Na fasa aika kuɗin tukuna. Yau da ƙarfe goma ina gindin dogon yaro sai ga shugaban namu ya zagayo, yana waige-waige. Wanda zai kawo masa kara daga Dubai ya ɗage tafiya sai bayan sati biyu. Kara biyu ya karɓa a wajena, da aron ashana.

Kabu-kabun Dole:
Yaya akawu, in zai aiki yaro wajen mai tebur ka ce ga ni, dala arba'in ne zuwa da dawowa.