Mota a kashe, batir na mutuwa: wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Baban Hanifa, Yelwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi tsohuwar Land Rover ta sojoji a gwanjo, mai batir biyu, volt 24. In ta kwana biyu ba a tayar ba, sai kik ya yi ƙas ya yi shiru. Na zuba sababbin batura dal, sati bai zagayo ba ga ni da yaran unguwa muna turi. Kafin in sake ƙona kuɗi, a taimaka.

Rewaya, kasuwar Muda Lawal: Alhaji, batir ba shi da laifi, ɓarawon na cikin gida ne. Zare makulli, ka cire wayar nagetif, ka jona mitar awon wuta tsakaninta da kan batir, a kan amfiya 10. Mota irin wannan ba ta da kwamfuta, kamata ya yi lambar ta kusan kwantawa a sifili. In ka ga amfiya 1, lissafa: awa 48, amfiya-awa 48 sun tafi daga batir mai amfiya-awa 70. Riƙa zare fis ɗaya ɗaya har lambar ta faɗi. Kar dai ka taɓa kik mita na jone, ƙonewa za ta yi.

Direba, Alkaleri: Oga Rewaya, ni fis bai nuna mini komai ba. Diyod ɗin altanita (mai cajin batir) ne, wanda ke hana wuta komawa baya, ya fashe, wuta na komawa baya cikin dare. Da asuba na ɗora hannu, altanita da ɗumi, mota kuwa tun la'asar a kashe.

Kawu Mai Steyr: Ɗana, wa ya saka maka rediyo? Na shekara ina tuƙa Steyr, irin wadda aka harhaɗa a nan Bauchi. Yaron motata ya jawo volt 12 daga batir ɗaya don rediyo da cajin waya. Wancan ɗayan kullum a yunwace, ɗan uwansa kuma caji ya yi masa yawa har ruwansa na tafasa. Batura huɗu na binne kafin in gane. Ka kuma goge saman baturanka, ƙurar hunturu in ta haɗu da ruwan batir ita ma tana jan wuta.

Baban Hanifa: Kawu, kamar kana wurin! Na ɗaga kujera, ga wata 'yar jar waya an naɗe da leda, ba ko fis, ta tafi rediyo. Na yanke ta. Yau kwana uku, bugu ɗaya ta tashi. A ina zan samu na'urar da ke sauke 24 zuwa 12?