An haɗa ni da wata malama a aji ɗaya, ya zan yi?

Malamar Lissafi: Salamu alaikum malamai. Zangon nan an haɗa ni da malamar yara masu buƙata ta musamman, mu riƙe aji tare. Yara 42 ne, uku kunnensu ba ya ji sosai. Mu raba ajin biyu kowa ta koyar da nata, ko in tsaya gaban allo ita tana zagayawa? Litinin za mu fara.

Baban Alli: Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ki ce a raba ku kawai.

Maman Haƙuri: Hmm, kin fama min ciwo. Shekara biyu na yi da wani malami, wai mu abokan aiki ne. Shi ke riƙe da alli, ni rabon takarda da "kai, zauna!" Ranar da na gyara masa lissafi a gaban yara, sati guda bai amsa gaisuwata ba. Wanda ya fi ƙona min rai, wata yarinya ta ja min hannu ta ce, "Malama, yaushe za ki zama malamar gaske?"

Malam Nazari: Masana ilimi Marilyn Friend da Lynne Cook sun kasa koyarwar haɗin gwiwa gida shida, Hajiya. Ɗaya na koyarwa ɗaya na taimakawa guda ce kawai a ciki. Akwai ta tashoshi, yara na zagayawa rukuni-rukuni, akwai wadda ɗaya ke jan 'yan kaɗan gefe. Ku riƙa musanya matsayi.

Baban Alli: Malam, ka taɓa gwadawa ko a littafi ka gani? Mun raba aji biyu, muryata da ta abokin aikina suka yi ta kokawa, yara suna kallo kamar dambe.

Malam Nazari: Shekara huɗu ina yi. Zaman shiri na minti 20 a sati ya ishe mu.

Maman Haƙuri: Minti 20? Mu awa biyu ba ta isa, rabi ma musu ne.

Anti Jan Biro: Ku bar zancen shiri. Wa zai yi makin? Ni na duba takardu duka, sunan abokin aikina aka sa a rahoton zango.

Malamar Lissafi: Don Allah, yaran nan uku fa? Hayaniyar raba ajin ba za ta cuce su ba?

Anti Jan Biro: Har yau ban ga ko "sannu" daga ofis ba.