Les Vampires: ya ɗaukaka ɓarayi ne ko ya tona asirinsu?

Kawu: Na kammala kallon fim ɗin Les Vampires na Louis Feuillade, wanda aka fitar a Faransa daga 1915 zuwa 1916. Kashi goma ne, kusan awa bakwai, ba murya sai rubutu. Ni dai na ce 'yan sandan Faris sun yi daidai da suka dakatar da shi na ɗan lokaci. Ɗaukaka ɓarayi yake yi.

Malama: Kawu, a yi mini afuwa, ban yarda ba. Jarumin ai ɗan jarida ne, Philippe Guérande, kuma shi ke farautar gungun ɓarayin da ake kira Vampires tun daga farko har ƙarshe.

Kawu: 'Yata, ki faɗa mini tsakani da Allah, wa ya tsaya miki a rai bayan kin gama kallo? Guérande ko Irma Vep, ɓarauniyar gungun? Kowa Musidora, wadda ta fito a matsayin Irma Vep, yake tunawa cikin baƙaƙen kaya. Dubi wurin da aka tara attajirai a liyafa, aka toshe ƙofofi, aka sako musu iskar gas, suka zube, aka kwashe musu kayan ado. An tsara shi da kyau har mai kallo ya manta fashi ake yi. Yaro ya ga haka, me zai ɗauka?

Auta: Kawu, ku duba shekarar. A Afrilun 1915 Jamusawa suka saki iskar guba a Ypres ta ƙasar Beljiyam, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutumin Faris da ɗansa ke fagen daga, in ya ga mutane suna bugun ƙofa suna neman numfashi, sha'awa za ta kama shi? Tsoro ne. Kuma duk lokacin da shugaban gungun ya mutu, wani ke maye gurbinsa, Satanas ya zo, bayansa Vénénos.

Yaya Babba: Akwai kasuwa ma a ciki. Kamfanin Gaumont, wanda ya shirya fim ɗin, na gasa ne da kamfanin Pathé, mai nuna fim ɗin 'yar wasan Amurka Pearl White. Da sukar da ake yi wa Les Vampires ta yi yawa, Feuillade ya yi fim ɗin Judex, wanda jaruminsa ke ƙwato wa wanda aka zalunta haƙƙinsa.

Kawu: To ka kawo mini hujja. Da bai ji a jikinsa ba, da bai sauya ba.

Malama: Amma kun bar Mazamette a baya, Kawu. Ɗan gungun ne, ya tuba, ya koma hannun daman Guérande, kuma sau da yawa shi ke ceton ransa. Irma Vep kuwa matar Guérande ce ta harbe ta a kashi na goma.

Kawu: Na ji, bayan kashi nawa tana cin karenta ba babbaka? Ki sake kallon liyafar nan, gobe mu ɗora.