Na hannu zan saya ko in haɗa nawa? Shawara kan ƙaramin jirgin sama mai rimot, na farko da zan mallaka

Razak Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ne yaron da yake riƙe wa Malam Tanko jirgi ranar Asabar idan zai harba. Na tara sidi 2,500 daga gyaran waya da nake yi a Adum, nan Kumasi, kuma ina tsakanin abu biyu. Wani ɗan ƙungiyarmu zai sayar mini da jirginsa na koyo, na fom (soso mai tauri mara nauyi), mai fiffike a sama, faɗinsa mita 1.4, haɗe da rimot FlySky i6, da caja, da batir biyu 3S 2200 (masu sel uku, 2200mAh). Ya ce 2,300. Hancin ya taɓa karyewa an liƙe, amma na ga yana tashi da idona. Ko kuma in sayi rimot da inji da ESC (mai sarrafa gudun inji) da sarbo (ƙananan injinan da suke motsa jela da gefen fiffike) sababbi, in yanka jikin da kaina daga allon fom.

Don Allah ku duba halin da nake ciki. Ɗaki ɗaya muke da mahaifiyata da ƙanena, babu inda zan baza aiki in bar shi ya kwana. A trotro, motar haya, nake zuwa fili, dole fiffiken ya zama mai cirewa. Ban taɓa tuƙa na gaske ba sai simileta, wato na gwaji a kan allo. Mai jirgin ya ba ni zuwa Juma'a.

Shamsu Jet:
Wa alaikumus salam. Chale, manta da jirgin koyo, wata biyu zai ishe ka. Ka ƙara kuɗi ka ɗauki jet mai fanka 64mm. Ranar da ka ji ƙararsa ya wuce ta gabanka ƙasa-ƙasa za ka yi mini addu'a.

Awudu Sawaba:
Ni da kai ne doron mai kamara zan saya. Ka ɗauki biki biyu da suna ɗaya, kuɗinka ya dawo.

Baba Issaka Magazin:
Ɗana, ka haɗa naka. Wanda bai yanka fiffike da hannunsa ba, ranar da ya faɗi sai ya tsaya yana kallon gutsattsari. Ka samu tebur mai faɗi a gida, ka ware masa ɗaki don yara kada su taɓa. Inji 2212 mai 1000KV, ESC 30A, farfela 10x4.7, sarbo huɗu masu giram 9, shi ke nan. Idan ka gama ka sa batir, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu, wajen kashi ɗaya cikin uku na fiffike daga gaba. Hanci ya ɗan sunkuya, ba laifi. Jela ta fi nauyi, kada ka harba, ba zai dawo lafiya ba.

Razak Aboabo:
Na gode Baba. Ɗakin ne dai babu, kamar yadda na faɗa.

Shamsu Jet:
Kuma 2,300 ta yi yawa. i6 sabo da risiba, mai karɓar saƙon rimot a cikin jirgi, 850 na saya.

Nuru Alabar:
850 a ina? Ni nake kawo kayan nan, in ka ga na sayar da shi ƙasa da 1,300 to faɗuwa na yi. Ka lissafa kuɗin dako da na ejan da ya fito da kayan.

Shamsu Jet:
Lokacin da dala take sidi 15 da wani abu 1,300 kake sayarwa. A 2025 sidi ta yi ƙarfi har dala ta sauko wajen sidi 10, farashinka bai motsa ba. Dalar taka ba ta saukowa ne?

Nuru Alabar:
Kayan da ke kanti da tsohon farashi na saye su, Masa.

Faisal Nima:
Gaisuwa daga Ankara (Accra). A nan batir 3S 2200 ana samu 400, wani wurin 650. Wanda ya ce maka 250 ka tambaye shi shekararsa nawa a ajiye.

Muntari Tela:
Razak, na so in yi shiru, amma da na ga ka rubuta "batir biyu" sai na kasa.

Ni ma haka na fara. Wani ɗan ƙungiyar nan, ba zan kama suna ba, waɗanda suka sani sun sani, zai bar gari ya sayar mini da kayansa gaba ɗaya, jirgi da rimot da batir da caja. Batiran an naɗe su da baƙin salatif, tsaf, sabon naɗi. Na tambaye shi dalili, ya ce don kada su goge a cikin jirgi. Na yarda, tare muke sallah a fili, tare muke cin waakye a roba ɗaya.

Cajar kuma irin ƙaramar nan ce mara allo mara maɓalli, da ka jona sai ta kama aiki. Ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah, shagona cike da ɗinkin mutane, na jona batir da la'asar ina zaune kusa da shi a kan keke. Aka ɗauke wuta. Aka kira magariba, na ja ƙofa na tafi masallaci. Ina raka'a ta biyu aka kawo wuta, na ji yaran unguwa suna ihun murna, ban kawo komai a raina ba. Muna sallamewa na ga yarona a bakin masallaci ba takalmi.

Kafin a ɓalle ƙofar, teburin yanka ya tafi. Shaddoji na mutane, leshin amarya da aka kawo mini daga Tamale, keken zubi da ban gama biyan kuɗinsa ba. Allah ya taimaka maƙwabta suka kashe kafin ta kama silin, da layin shagunan gaba ɗaya ne. Warin nan har yau idan na shiga shagon da safe ina jin sa. Da na ɓare salatif ɗin ɗayan batirin da ya rage a jaka, na tarar ya kumbura kamar ƙosai a mai. Abin da aka ɓoye mini ke nan.

Na kira mutumin, ya ce lafiya ya ba ni. Na sake kira, ya toshe lambata. Na kawo magana gaban manyan ƙungiya, aka ce ciniki ne tsakaninmu, in yi haƙuri. Haƙuri na yi, amma matar da ta kawo leshin ba ta karɓi haƙuri ba, kuɗi ta karɓa, kuma da gaskiyarta. Har yanzu ina biyan wasu kaɗan-kaɗan ta MoMo, tura kuɗi ta waya. Kai ka ce ɗaki ɗaya kuke da mahaifiyarka. Ni shago ne ya ƙone. Ka yi tunanin inda za ka jona naka da dare.

Razak Aboabo:
Innalillahi. Yaya Muntari ban san haka abin ya kai ba. Allah ya mayar da alheri.

Awudu Sawaba:
Amin. Ashe shi ya sa muka daina ganin ka a fili.

Malam Tanko:
Muntari, a yi adalci. Mun yi karo-karo mun kawo maka.

Muntari Tela:
Kun kawo, Allah ya saka. Abin da na nema shi ne a kira shi a zauna, kuma a sa doka kada wani ya sake sayar wa sabon shiga batir ba a gwada ba. An yi?

Hamdiya Tek:
Sannu Baba Muntari, Allah ya kiyaye gaba. Razak, ga abin da zan yi da ni ce. Ka je da ƙaramin ma'aunin sel, zan ara maka nawa. Kowane sel idan ya cika bolt 4.2 ne, ukun 12.6. Idan ɗaya ya yi nisa da sauran, ko ka ga kumburi, ko salatif, ka cire batiran daga ciniki ka ce ya rage kuɗinsu. Jirgin da rimot ɗin su ne abin saye. Fom da ya karye aka liƙe da kyau ba matsala ba ce, kai ma za ka ƙara masa. Ka duba sandar inji ko ta lanƙwashe, ka motsa kowane sarbo ka ji ko haƙoransa suna tsallakewa, ka ga ko da roba ake ɗaure fiffiken, don shi ne zai shiga trotro.

Caji kuma a waje, a kan siminti, cikin tukunyar ƙasa ko gwangwanin ƙarfe, ga bokitin yashi a gefe, kana zaune a wurin. Amp 2.2 ya ishi batir 2200. In an ɗauke wuta ka zare nan take. In ba za ka tashi cikin makon ba ka bar shi a 3.8 kowane sel. Tunda kai mai gyaran waya ne ka san halin batir mai kumburi, wannan dai ya fi na waya fushi.

Shamsu Jet:
Hamdiya da ta shigo bara ita ce za ta koya mana batir?

Hamdiya Tek:
Yaya Shamsu, nuna mini inda na yi kuskure.

Baba Issaka Magazin:
Yarinyar ta faɗi gaskiya a kan batir. Amma zancen ya sayi na hannu ban yarda ba. Mun fara abin nan tun ana zuba wa inji mai na metanol da man kasto, rimot na 35MHz mai kiristal, sai ka karɓi fegi na lambarka kafin ka kunna, in ba haka ba ka kayar da jirgin ɗan uwanka. Yanzu rimot na 2.4GHz ya zo kowa ya kunna ya tashi, kowa ya zama malami daga YouTube. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Nuru Alabar:
Baba, da girmanku, yaushe rabon da ku tashi da na lantarki? Ku kuna da shago a Suame, ga injin walda ga tebur. Yaron nan ɗaki ɗaya ya ce.

Baba Issaka Magazin:
Kai kuma so kake ya sayi sababbin kaya a wurinka.

Nuru Alabar:
To ai shawararku ce za ta kawo shi wurina, Baba. Ni na hannun nake goyon baya.

Awudu Sawaba:
Razak, in kana son jet kyauta akwai na Shamsu a saman bishiyar tik ta bayan fili. Tun damina yake can, na ji an ce shaho ya biya kuɗin haya na shekara biyu.

Shamsu Jet:
Iska ce ta juya.

Awudu Sawaba:
Iskar da ta bar jirgin kowa ta zaɓi naka.

Malam Tanko:
Ku bar wasa. Razak, kowanne ka zaɓa kada ka yi tashin farko kai kaɗai. i6 yana da wurin jona waya a baya, zan haɗa da nawa, in ka rikice in karɓa. Ka zo da sassafe kafin iska ta tashi. Kuma kada ka ce za ka gwada a filin makaranta a Aboabo ko Asawase. Filin jirgin Prempeh I yana nan kusa da ku. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana, GCAA, tun 2016 ta ce a yi wa jirage marasa matuƙi rajista, kada a wuce ƙafa 400 sama, kuma a nisanci filin jirgi da kilomita 10. Abin da ya kai mu bayan Ejisu ke nan, ba son biyan kuɗin mota ba.

Faisal Nima:
Mu ma haka, Nima da Mamobi duk a ƙarƙashin hanyar jirage muke. Sai mun fita gari sosai, kuma duk filin da muka samu kafin shekara an zagaye shi da bulo.

Muntari Tela:
Malam Tanko, tunda kun ambaci fili, gaskiya ne abin da na ji, an kafa ginshiƙai?

Awudu Sawaba:
Gaskiya ne. Asabar da ta wuce mun tarar da ginshiƙai huɗu masu jan fenti, da tifar yashi an juye daidai inda muke sauka. Wasu samari a kan babur suka tsaya suna kallon mu, ba su ce komai ba. Hamdiya ta sauka ta gefen gonar rogo, ƙafar jirginta ta cire.

Nuru Alabar:
To sidi 30 da muke biya duk wata fa? An ce ana kai wa mai filin wani abu don ya bar mu.

Malam Tanko:
Ana kai masa, kuma ana biyan mai yankan ciyawa. Amma babu takarda tsakaninmu, da baki aka yi. Yanzu ya ce ɗan ɗan'uwansa ne ya sayar da ɓangaren ba da saninsa ba, maganar tana wajen dangi.

Shamsu Jet:
Ni 50 nake biya. Wa ya ce 30?

Hamdiya Tek:
Ɗalibai 20 aka ce mana.

Muntari Tela:
Kun gani. Littafin kuɗin ma wa ya taɓa ganin sa? Shekara nawa ina cewa a karanta shi a gaban kowa.

Alhaji Ma'aji:
Littafi yana nan, ba a ɓoye yake ba. Wanda yake son gani ya zo taro. An kira taro bayan Sallah, mutum biyar suka zo, cikin masu magana a nan babu ko ɗaya sai Malam Tanko.

Baba Issaka Magazin:
Ranar Laraba da rana aka sa shi, Alhaji. Wa zai rufe shago?

Razak Aboabo:
Iyayena, Juma'ar jibi ce. In ce masa ya cire batiran ya bar mini a 1,800, ko in haƙura?

Nuru Alabar:
Alhaji, a sa taron ranar Asabar a filin, a zo da littafin, a kuma kira mai filin ya nuna mana iyakar abin da aka sayar. In har wurin saukar ya shiga ciki, ni ba zan sake biyan ko pesewa ba.