Gidan da munka gina tare, bashin da sunan maigida kaɗai

Maman Biyu (Mabera): Salamu alaikum ƴan'uwa ku ba ni shawara. Fili munka saya ni da maigida, na sai da gwal ɗina na haɗa da rabon gadon mahaifina na zuba, kusan rabin kuɗɗin nawa na. Yanzu zai ci bashin NHF, asusun gwamnati da ma'aikata ka zuba ma kuɗɗi don samun bashin gida, ya ƙarasa ginin, wai banki sun ce a fiddo satifiket na mallakar filin da sunanshi shi kaɗai tunda shi ka da albashi. Ya ce suna a takarda ba komi ba na, gida namu na.

Kawu: Gaskiya ya gaya miki ɗiyata. Shi aka cire ma kashi 2.5 na albashi duk wata, shi zai biya har shekara 30 in ta kama, to mi na na sa sunanki? Kada takarda ta shiga tsakaninki da mijinki.

Gwaggo (Runjin Sambo): Haba Yaya! Yau in ta Allah ta kasance fa? Masu rabon gado takarda za su duba, su raba gidan duka, ita ta tashi da tumunin takaba, in da kishiya ma su raba tumunin nan biyu, gwal ɗinta ya bi ruwa. Ni da idona na ga anka yi ma maƙwabciyata haka, tana kuka tana rantsuwa amma ba shaida ba rubutu.

Lauya: Kawu ka yi haƙuri, nan ban bi ka ba. Mai cin bashi daban, mai gida daban. Ana iya barin sunansu su biyu kan satifiket, shi kaɗai ya ci bashin, ita ta sa hannu a takardar jingina a matsayin mai rabo. Illa iyaka ta sani in ya kasa biya gidan duka banki zai sayar har da rabonta. Sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 sashe na 22 ta ce sai da amincewar gwamna ake jinginar da fili mai satifiket, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jingina kan rashin wannan. Sai a biya harajin hatimi a yi rajista a ma'aikatar filaye. In kuwa anka rubuta sunanshi kaɗai, mayar da naki daga baya sabon aiki na da sabon kashe kuɗɗi, kuma banki na riƙe da takardar.

Malam (Kanwuri): Dukiyar mace tata ta, aure bai mayar da ita ta miji. Malikiyya sun halatta mutum ya jinginar da rabonshi cikin abin tarayya, amma rabon wani sai da yardarshi. Kuma aya ta 282 a Baƙara ta yi umurni da rubutu da shaidu. Ni abin da ya fi damuna ruwan kashi 6 da ka kan bashin, ku fara tambayar Jaiz, bankin Musulunci, tukuna.

Kawu: Duk na ji, amma mutum ya kawo ma mijinshi lauya cikin gida, ni dai ban ga kyawonshi ba.

Maman Biyu: Kawu ba ƙara zan kai shi ba wallahi, ina son shi ina son gidan ya ƙare. Lauya, rasit ɗin gwal da takardar cinikin fili suna hannuna, sunana na cikin ta cinikin. Su zan fara kawo maka ko sai mun zo tare da shi?